Hunhuna a mota da karafan da aka ajiye: a toshe ko'ina ne, ko a bar iska ta riƙa shiga?

Baban_Ilham_Manchester:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan abu biyu, amma ciwonsu ɗaya. Ina da karafan, ɗan ɗakin nan mai taya da ake ja da mota a tafi hutu da iyali. Daga Oktoba zuwa Maris yana ajiye a wani fili da ake biyan haya a bayan gari, babu wutar lantarki a wurin. Da na buɗe shi a watan Maris da ya wuce, katifun kujeru sun yi hunhuna, kusurwar bango ta bayan kujera ta yi baƙi, ga wani wari da ya ƙi fita. Na biyu kuma motata ce da ke gida Kaduna, a tsakar gida, lulluɓe da tampol. Ƙanena ya turo mini hoto bayan damina, sitiyari da bel duk sun yi fari. Wasu sun ce in rufe ko'ina ruf in zuba abin shan danshi, wasu sun ce in bar gilasai a ɗan buɗe. Wanne ne daidai? Sanyi ya kusa shigowa, ba na son a maimaita.

Oga_Usman_Panteka:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ta Kaduna zan yi magana a kai, don ita na sani. Kafin komai a cire tampol ɗin nan yau, ba gobe ba. Tampol yana hana ruwan sama shiga, gaskiya ne, amma tururin da ke tasowa daga ƙasa ma ba ya barinsa fita. Rana ta buɗe, ƙasa ta yi tururi, ya taru a ƙarƙashin tampol, dare ya yi ya koma ruwa a jikin mota. Kullum haka, wata uku ko huɗu. Motocin da ake kawo mana da tsatsa a ƙarƙashi da fenti ya yi dabbare-dabbare, mafi yawansu masu su gata suka yi musu da tampol.

Maman_Sadiq:
Ni gawayi nake sakawa a kwano biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, duk lokacin da za mu yi doguwar tafiya. Har aikin Hajji na je na dawo motar ba ta yi wari ba. Ka gwada, ba tsada.

Sani_Kabuga:
Shinkafa a safa. An gama.

Injiniya_Tukur:
Malam Sani, da tsadar shinkafar nan? Ka ciyar da ɓeraye kawai.

Alhaji Baban Ilham, bari in ɗan tsawaita, don idan aka gane daga ina ruwan yake zuwa, kowa zai iya yanke hukunci da kansa. Yawan ruwan da iska ke iya riƙewa ya danganta da zafinta. A digiri 30, mita kubik ɗaya ta iska tana ɗaukar ruwa kusan giram 30. A digiri 20, giram 17. A digiri 10, giram 9 da 'yan kai. A sifili kuwa ko giram 5 ba ta kaiwa. To da rana cikin mota ko karafan ya ɗumama, iskar ciki ta zuƙo ruwa daga kafet da soso da katako. Da dare gilashi da ƙarfe su riga komai yin sanyi, iskar da ta taɓa su ta kasa riƙe abin da ta ɗauka, ta sauke shi. Raɓa ce dai irin wadda muke gani a kan ciyawa da asuba, sai dai ita wannan a cikin mota take sauka.

Hunhuna kuma ba sai ta ga ruwa kwance ba. Idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 70 cikin ɗari, ta samu wurin zama, musamman inda akwai maiƙon hannu da ƙura. Shi ya sa sitiyari da bel da kan giya suke fara yin fari. Abin da ake so shi ne a riƙe danshin ƙasa da kashi 60.

Sai amsar tambayarka: ba amsa ɗaya ba ce ga abin biyun. Mota ana iya rufe ta ta kusa toshewa, don haka abin shan danshi zai yi aiki a cikinta. Karafan kuwa an ƙera shi da ƙofofin iska na dindindin a rufi da ƙasa. Duk abin da ka saka ya sha danshi, sabuwar iska za ta shigo ta cike gurbin. Iskar Ingila kaf kake ƙoƙarin busarwa da ɗan roba ɗaya.

Abu_Hafsat_Bradford:
Injiniya, a nan zan ɗan saɓa maka. Ni ma ina da karafan, kuma ina saka robobin nan irin su UniBond duk lokacin sanyi. In na je dubawa ina tarar da ruwa cike a ƙasan robar. Wannan ruwan da ba a robar ya taru ba, ina zai je? Ai cikin katifata.

Injiniya_Tukur:
Malam Abu Hafsat, ka ajiye irin wannan robar a ƙarƙashin rumfa a waje, ita ma za ta cika. Cikarta ba hujja ba ce cewa ɗakin ya bushe. Ka sayi ɗan agogon auna danshi, ba shi da tsada, ka rataye a ciki, ka gwada wata guda da roba, wata guda babu, sannan mu yi magana.

Abu_Hafsat_Bradford:
To ai sai in toshe ƙofofin iskar da salatif, shi ke nan ya zama kamar mota.

Hajiya_Bilki_Leeds:
Don Allah Malam kada ka yi haka, kuma kada wani ya karanta ya kwaikwaya. Ramukan da ke daɓen karafan ba don ado aka yi su ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan tukunya ko tiyo ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ta waɗannan ramukan yake fita. Mutum ya toshe a Oktoba, Afrilu ta zo ya manta, ya kwashi yara su kwana a ciki. Allah ya kiyaye.

Abin da muke yi a gidanmu: duk katifu da matasai da labule da barguna mukan kwaso su gida, su yi zamansu a ɗakin sama. Ƙofofin kabad a bar su a buɗe, firji a wanke a bar ƙofarsa a sage, akwatunan ƙarƙashin kujera a ɗaga murafensu. A zubar da ruwan tanki da na tiyo gaba ɗaya, a bar famfuna a buɗe, don ruwa idan ya daskare yana kumbura ya fasa tiyo, ka dawo ka tarar da wani sabon danshin. Ba ma saka komai na shan danshi, kuma ban taɓa ganin hunhuna ba. Wahalar kawai ita ce maigida yana mita a kan ɗakin sama ya cika.

Baban_Ilham_Manchester:
Na gode Hajiya. Katifu kam zan kwaso su. Amma baƙin da ke kusurwar bango fa? Wuri ɗaya ne tak, ƙarƙashin tagar baya ta hagu.

Hajiya_Bilki_Leeds:
Wuri ɗaya? Alhaji wannan ba raɓa ba ce, yoyo ne. Raɓa tana bin duk inda ke da sanyi. Ka danna wurin da yatsa, in ya yi laushi to ruwa ya riga ya shiga cikin bangon. Robar taga ko gam ɗin da aka liƙe mahaɗin rufi da shi ne ya tsufa. Ka kai a yi masa gwajin danshi da na'ura. Masu gyaran karafan a nan, in na'urar ta nuna ƙasa da kashi 15 sukan ce lafiya lau, in ta haura 20 a fara bincike, in ta kai 30 kuwa ana tsoron katakon ciki ya fara ruɓewa. Duk gawayin duniya ba zai gyara wannan ba, da izinin Maman Sadiq.

Maman_Sadiq:
Hhh Hajiya ai ni ta mota na faɗa. Kuma a Kano nake, ba a garinku na ruwa kullum ba.

Injiniya_Tukur:
Ga shi Maman Sadiq ta faɗi abin da ya raba mu. Gawayi yana kama wari, amma ruwan da yake sha kaɗan ne. A Kano in ba Yuli zuwa Satumba ba, iskar kanta ce ke busar da motar, gawayi ya karɓi yabo. Da hunturu danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20, lokacin matsalar ma juyewa take yi: robobi su bushe, dashbod ya tsage. Gishirin miya ma da wasu ke sakawa, ba ya fara shan ruwa sosai sai danshi ya haura kashi 75, wato sai bayan hunhuna ta riga ta samu abin da take so.

Garba_Agege:
Ku 'yan Arewa kuna hutawa. A Legas ko takalmi ka ajiye a ƙarƙashin gado sai ya yi fure. Mota kuwa in an bar gilashi a buɗe, danshin waje ne zai shigo ya zauna, babu wata busasshiyar iska da za ta zo ta kore shi. Ni rufewa nake yi ruf, in saka manyan jakunkunan silika, 'yan ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin takalmi da magani, amma na kilo-kilo. In sun ƙoshi a gasa su a oven da wuta kaɗan, wajen digiri 120, su dawo sababbi. Akwai masu canja launi su nuna maka sun cika. A nemi masu ruwan lemo, shuɗayen nan sinadarin da ke ba su launi yana da guba.

Oga_Usman_Panteka:
Malam Garba ya yi daidai, kuma ga wani dalilin rufewa: ɓera. Ka bar gilashi ko yatsa ɗaya ne, ɓera ya shiga ya haihu a bayan dashbod ya cinye wayoyi. Zanzaro ya yi gini. Kuɗin gyaran waya ya fi kuɗin wanke hunhuna nesa ba kusa ba.

Amma Alhaji, kafin a rufe, ka sa ƙanenka ya duba wurare huɗu. Ya ɗaga tabarmar ƙafa ya danna kafet da tafin hannu, gaba da baya. Sama zai iya bushewa alhali soson da ke ƙarƙashi yana jiƙe shaf, kuma shi wannan soson ba ya bushewa da kansa, sai an kwance kujera an ɗaga kafet an shanya. Ya buɗe but ya fitar da safaya taya, ramin nan yakan tara ruwa ta robar fitilar baya. Ya duba ƙasan gilashin gaba inda waifa take, ganye da ƙasa suna toshe magudanar, ruwa ya cika ya gangara ta inda iskar esi ke shiga. In motar mai buɗaɗɗen rufi ce, akwai 'yan tiyo a kusurwoyi da ke sauke ruwa ƙasa, su ma suna toshewa. Motoci da yawa na yanzu akwai akwatunan kwamfuta a ƙarƙashin kujera ko kafet. In ruwa ya kwana a kansu, sai dai haƙuri.

Dan_Borno_77:
Maganar soso gaskiya ce Oga. Bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, motoci da yawa an wanke su an shanya, ana ganin sun bushe. Bayan wasu makonni wari ya dawo, wuta ta fara wasa, gilashi ya ƙi sauka, fitila ta kunna kanta. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda aka kwance komai na ciki tun farko.

DanKwatano:
Tunda an zo nan, masu sayen tokumbo ku buɗe ido. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017 ta nutsar da motoci dubbai ɗaruruwa, kuma irin waɗannan motocin gwanjonsu ake yi a fita da su ƙasashen waje. Ka ja bel har ƙarshensa ka duba ko akwai layin laka. Ka leƙa ƙarfen da kujera ke tafiya a kai, in ka ga tsatsa a motar da jikinta ke ƙyalli, ka yi tambaya. In kuma an cika ta da turare, to akwai abin da ake ɓoyewa.

Ummu_Khairat:
Mu dai an taɓa mu. Ni da na ce zan ba shi shawarar turaren wuta 😂

Hajiya_Bilki_Leeds:
Ummu Khairat turare bayan an gama aiki ne. Kuma kasko da garwashi a rufaffiyar mota ko karafan, a'a. Hayaƙin gawayi marar wari yana kisa, ba ya sallama.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Alhaji. Maganar tokumbo a buɗe mata nata zaren.

Elhadji_Issoufou_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan wajenmu matsalar ba ta kai taku ba, damina gajera ce. Amma ina da tambaya ga Oga Usman. Ni in zan yi tafiya, yaro nake bar wa makulli ya riƙa tada motar kowace safiya minti biyar don batir. Na ji wani ya ce wannan ɓarna ce. Gaskiya ne?

Oga_Usman_Panteka:
Gaskiya ne Elhaji. Minti biyar a tsaye ba ya cika batir. Kuma ka lura da ruwan da ke ɗiga daga salansa da safe? In injin bai yi zafi sosai ba, wannan ruwan yana kwana a salansa ya cinye ta daga ciki, wani kuma ya gauraya da baƙin mai. In ka buɗe murfin mai ka ga wani abu fari-fari mai kauri a jikinsa, sau da yawa shi ne. Ko dai a fita da ita a yi tafiyar rabin awa da esi a kunne, ko a cire kan batir a bar ta ta huta.

Injiniya_Tukur:
Ƙarin bayani: litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya. Haka gas, kilo ɗaya yana ba da ruwa sama da kilo ɗaya da rabi. Saboda haka masu karafan da ke zuwa su kunna risho don su "ɗumama ɗakin ya bushe", ruwa suke ƙarawa. Hitar karafan ta asali daban ce, ita hayaƙinta waje yake fita. Esi kuma da Oga ya ambata, ba don sanyi ba ne, shi ne babban mai busar da iskar cikin mota. Ruwan da kake gani yana zuba ƙarƙashin mota in an kunna shi, daga iskar ciki ya fito. In tiyon da ke zubar da shi ya toshe, kafet ɗin gaba yake komawa.

Elhadji_Issoufou_Maradi:
Madalla. Yaron ma dama yawo yake yi da ita, ashe taimakona yake.

Nura_Calgary:
A Kanada abin ya bambanta kaɗan. Tsakiyar sanyi iska a bushe take ƙamas, ba hunhunar da za ta tsiro a ƙasa da sifili. Lokacin da ake jin jiki shi ne da ƙanƙara ta fara narkewa. Kuma abin da ya fi cin motoci a nan gishirin da ake watsawa a titi ne, shi ya sa ake wanke ƙarƙashin mota sosai kafin a ajiye. Gargaɗi ɗaya ga masu robobin shan danshi irin DampRid: abin da ke ciki kalsiyam kulorayid ne, ruwan da yake tarawa ruwan gishiri ne mai cin ƙarfe. In ya kife a kafet, wurin ba zai ƙara bushewa da daɗi ba, don shi kansa zai ci gaba da jawo danshi. A zaunar da robar cikin bokiti, kuma a cire ta kafin a motsa motar.

Baban_Ilham_Manchester:
Akwai wanda ya gwada na'urar busar da iska ta lantarki? Ina tunanin in dawo da karafan ɗin ƙofar gida in ja masa waya.

Abu_Hafsat_Bradford:
Na gwada. In za ka saya kada ka sayi mai kwamfireso irin na firji, a sanyin ƙasa da digiri 15 ƙarfinta raguwa yake yi, cikinta ya yi ƙanƙara. Akwai wata iri mai faifan sinadari da hita a ciki, ita ce ke aiki a sanyi, har tana ɗan ɗumama wurin, sai dai tana shan wuta. 'Yan ƙananan nan masu arha kuwa, kofi ɗaya ba sa cikawa a yini. Na san Injiniya zai ce iskar Ingila nake busarwa.

Injiniya_Tukur:
Zan ce. Amma na yarda da ita a wuri ɗaya: bayan an dawo daga tafiya ta ƙarshe, an yi girki an yi wanka an yi numfashi a ciki, a kunna ta 'yan kwanaki ta zuƙe abin da katako da soso suka sha, sannan a kashe a bar wa iska sauran aikin. Kunna ta wata biyar kuwa, kamfanin wuta kake wa aiki.

Abu_Hafsat_Bradford:
Ni dai nawa ba ya wari, kuma takardar kuɗin wutar ni ke biya.

Fati_Zango_Kumasi:
Ba wanda ya faɗi yadda za a wanke wadda ta riga ta kama. A nan Kumasi muna fama da ita sosai. A fitar da mota rana, a buɗe ƙofofi duka, a sa takunkumi. Kada a kakkaɓe ta a bushe, ƙurarta ce ke shiga ƙirji, masu asma su yi nisa. A goge da tsumma da farin binega, a bari ya ɗan jima, a sake gogewa, a shanya har ya bushe sarai. Bilic yana ɓata launin kujera kuma yana raunana zaren bel. Kada kuma a haɗa bilic da binega, iskar da ke tashi guba ce.

Oga_Usman_Panteka:
Haka ne Hajiya Fati. A canja matatar iskar esi ma, in ba haka ba da an kunna warin zai dawo. Sannan Alhaji, kada a ja birkin hannu in za a daɗe, da danshi yakan manne ya ƙi saki. A sa waigi a taya. In tsakar gidan ƙasa ce ba siminti ba, a shimfiɗa leda mai kauri a hau da motar kai. Ledar a ƙasa take da amfani, ba a sama ba. In da hali a kafa 'yar rumfar kwano, gefe a buɗe.

Garba_Agege:
Man birki ma yana shan danshi daga iska, shi ya sa ake cewa a canja shi duk shekara biyu ko motar ba ta tafiya. Tankin mai kuma a cika shi, in rabi ne sararin da ya rage raɓa yake tarawa.

Sani_Kabuga:
A cika tanki a ajiye wa ƙane makulli? Malam Garba kai ma ka san ƙarshen labarin.

Baban_Ilham_Manchester:
Hhh ƙanena na cikin zauren nan fa, a yi a hankali. Na kira mai gwajin danshi, sai mako mai zuwa. Tampol an cire, ya ce kafet ɗin baya a jiƙe yake, na gaba a bushe. Oga Usman wannan daga ina kenan? Kuma har yanzu ban ji an daidaita ba a kan gilashin motar: in an yi rumfar, a rufe ruf ko a bar ɗan sarari?

Injiniya_Tukur:
Da damina a rufe da silika a ciki, da hunturu a ɗan buɗe.

Oga_Usman_Panteka:
Da hunturu a buɗe ƙura ta cika ta? A'a Injiniya. Ruf, kullum. Kafet ɗin baya kuma, ya cire safaya taya tukuna ya gaya mini abin da ya gani. In ramin a bushe yake, ledar cikin ƙofar baya ce ta yage. Ya sa yaro ya zauna ciki, shi kuma ya zuba ruwa da buta a kan gilashin ƙofar, su ga ta inda zai ɓullo.